Ku Tambaya Mu Amsa: katantanwa cikin dutsen Kalambaina, ƙaton ƙwarangwal na WhatsApp da ɓatan angulu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wanga karo kusan duk gefe guda sunka karkata, namun daji da halittun da sunka shuɗe, da alama akwai wani bidiyo da ke yawo cikin wayoyi wanda ya tado da zancen. Masu tambayar gado da na ciwon gwiwa ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni direban tifa na, ina ɗaukar dutse wajajen Kalambaina. Sau tari in an hwasa dutse sai mu ga wani abu ciki kamar katantanwa amma ya zama dutse, wani kuma kewayayye na kamar an zana mai tauraro bisa. Yaron motata yac ce na ruwan Ɗufana na, wani kuma yac ce kayan aljannu na kar in kuskura in kai gida. Mi ag gaskiya? Daga direban tifa, Arkilla.

Amsa: Lafiya lau ɗan'uwa, Allah ya kiyaye hanya. Ka kai shi gida abinka ka aza bisa talabijin, ba abin da zai same ka. Abin da idonka ya gani shi ne, katantanwa ce ta gaske, ta teku, ta rayu ta ci ta sha ta mutu a daidai wurin da kake juya tifa yanzu. Kewayayyen nan mai tauraro kuma, ka ƙirga rassan tauraron za ka samu biyar ne, wata halittar ruwan gishiri ce mai ƙayoyi a jiki wadda har yau danginta na nan cikin teku, ƙayoyin ne sunka zube sai ƙoƙon ya rage.

Na san za ka ce teku a Sakkwato, garin da ake kwana waje saboda zafi? To haka masana duwatsu sunka gano, kuma ba jiya ba. Tsakanin shekara kamar miliyan 100 zuwa miliyan 50 da sunka wuce, akwai wani hannun teku da ya riƙa shigowa daga arewa, ya ratso inda Aljeriya da Mali da Nijar suke yau har ya iso ƙasar Sakkwato, ya zo ya janye ya sake dawowa, ba mai zurfi ƙwarai ba ne kuma ruwansa da ɗumi. Duk abin da ya mutu ciki sai ya nutse ƙasa laka ta rufe shi, wata lakar ta hau bisa wata, nauyi ya danne, ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya riƙa tsatsowa yana cike ramukan ɓawon sannu sannu har siffar ta tsaya cak amma jikin ya koma dutse. Shi kansa farin dutsen da kamfanin siminti ke haƙa a Kalambaina tun shekarun 1960, mafi yawansa ɓawon ire-iren waɗanga halittu ne da ya taru ya dunƙule kusan shekara miliyan 60 baya. Wato dai duk wanda ya yi gini da simintin Sakkwato da ragowar 'yan teku ya yi shi.

Kuma wallahi katantanwa ita ce ƙarama cikin labarin. In ka buɗe littattafan ilimin duwatsu na Najeriya za ka ga shimfiɗun dutsen wanga yanki an raɗa musu sunayen garuruwanmu ne, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu, ɗalibai a jami'o'i na haddace su don jarrabawa alhali wasunsu ba su taɓa taka Dange ba. A shimfiɗar Dukamaje, wadda ta girmi ta Kalambaina, an tono ƙasusuwan wata dabbar ruwa mai dogon baki siriri cike da haƙora, ƙafafunta sun zama filafilan iyo, numfashi take da huhu ba irin na kifi ba, kuma a wajen dangantaka ta fi kusa da damo da guza da maciji. Wani masani a Landan mai suna Swinton ya fara bayaninta a 1930, sannan masana daga birnin Fulorens na Italiya sunka zo sunka samu ƙoƙon kanta, a 1972 sunka sa mata suna Goronyosaurus. E, Goronyon da ka sani, mai dam da albasa. Idanunta ƙanana ne, shi ya sa ake jin cikin ruwa mai gurɓi take farauta inda gani bai da amfani sosai. A 1975 kuma wani Baturen Ingila, Halstead, ya bayyana wani kada na da can daga duwatsun nan ya kira shi Sokotosuchus. A Dange da Wurno ana samun haƙoran kifin shak da ƙasusuwan kifaye da na kififiya da na kadoji masu dogon baki.

Abin da ya fi burge ni shi ne, babbar halakar nan da ta share manyan dabbobin da, shekara miliyan 66 baya, lokacin da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a gaɓar Meziko, ta faɗa ne tsakanin shimfiɗun namu. A ƙasa, wajen Dukamaje, akwai su Goronyosaurus. A sama, wajen Dange da Kalambaina, babu su ko ɗaya, sun ƙare, amma kadojin nan masu dogon baki sun tsira suna nan. Ana kashe maƙudan kuɗi a yi fim kan wagga halaka, mu kuma ga shafin littafin nan muna zubawa a tifa.

Maganar Ɗufana kuwa fagen malaman tafsiri ne ba nawa ba. Abin da zan iya ce ma yaron motarka shi ne awon da anka yi wa duwatsun ga ya kai su can baya nesa kafin ɗan Adam, kuma irin wanga tari ba ambaliyar lokaci guda ke yin shi ba, ruwa ne da ya zauna zamani mai tsawo ana haihuwa ana mutuwa cikinsa.

Tambaya: Yaro, kullum ku 'yan boko sai mu ji kun ce shekara miliyan kaza. Wa ad da rai lokacin da har yal lissahwa? Daga wani dattijo, Kanwuri.

Amsa: Allah ya ƙara girma Baba, tambayar ta yi. Ba wanda ya zauna ya ƙirga, awo ake yi. Akwai ma'adinai irin su yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit can Nijar, da Allah ya yi su suna rikiɗa da kansu sannu a hankali su koma wani abu daban, shi yuraniyom darma yake komawa, kuma saurin rikiɗar ba ya canjawa ko da zafi ko da sanyi. Nau'in da ya fi yawa sai ya shekara kusan biliyan 4.5 kafin rabinsa ya koma darma. To in dutsen wuta ya yi aman toka, cikin tokar akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin dutse da ke kulle yuraniyom a cikinsu tun ranar da sunka daskare, sai a auna nawa ya rage nawa ya zama darma, lissafi ya ba da shekaru. Inda babu irin wagga toka, sai a duba halittun da ke cikin shimfiɗar a gwada da na wani wuri da anka riga anka auna, don kowane zamani da irin katantanwarsa.

Na abubuwan kusa kuma, itace ko ƙashi ko gawayi da bai wuce shekara 50,000 ba, da sinadarin kabon ake auna su. Da shi anka gane kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana gina rijiya a ƙasar Yobe ta yanzu, ya kai shekara kusan 8,000. Kuma Baba su ma masu awon ba sa cewa ranar kaza ga watan kaza, kullum da ɗan rara gaba ko baya suke faɗa, masu bidiyo ne ke yanke rarar don zancen ya yi daɗi.

Tambaya: Malam an turo muna hoto a guruf na wani ƙaton ƙwarangwal, mutum na tsaye kusa da kan bai kai ko haɓarsa ba, an ce na Adawa ne anka tono a Saudiyya gwamnati ta ɓoye. An ce wanda bai tura ma mutum goma ba bai yarda da Alƙur'ani ba. Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo.

Amsa: Ɗiyata kar ki tura. Hoton nan ƙila ma ya girme ki. Asalinsa hoton wani haƙa ne da anka yi a jihar Niyok ta Amurka a shekarar 2000, inda ake tono ƙasusuwan wata dabba dangin giwa, sai a 2002 wani mai zane da kwamfuta ya ɗauki hoton ya ɗora ƙwarangwal na mutum a kai ya shiga wata gasar haɗa hotuna da shi, don wasa. Daga 2004 anka fara yawo da shi da labarin Saudiyya, wasu su ce Indiya, har sai da mujallar National Geographic ta Amurka ta fito ta ce ba ruwanta don an riƙa jingina mata. Tun daga nan an yi ire-irensa ba iyaka, yanzu kuma da AI ta zo, fasahar kwamfuta mai ƙirƙiro hoto da kanta, abin ya wuce hoto ya koma bidiyo, sai ki ga masunta sun jawo wani dodo a gaɓa jama'a na ihu, amma in kin tsaya kin duba da kyau yatsun mutanen sun narke cikin juna, rubutun jikin riga ba ya karantuwa, kuma ba a taɓa faɗa miki sunan garin ko ranar ba. Ƙissar Adawa na cikin Alƙur'ani tun kafin a ƙirƙiro kyamara, ba ta jiran hoton ƙarya ya tallafe ta, kuma wanda ya ɗaura imanin mutane ga tura saƙo goma shi ya kamata a yi wa nasiha.

Tambaya: Salam Malam. Yarona ɗan shekara tara ya addabe ni da zancen dainoso, katun ɗinsu yake kallo dare da rana. Yanzu kuma ya zo min da cewa Turawa sun dawo da wata dabba da ta ƙare, wai saura dainoso. Da gaske an taɓa yin su ko ƙirƙirar fim ce? Kuma za su dawo? Daga Maman yara, Mabera.

Amsa: Hajiya an yi su ƙwarai, dabbobi ne na zamanin da can, dangin kada na nesa, wasunsu manya ƙwarai, kuma ba sai kin je Amurka ba, maƙwabtanmu Nijar na cikin wuraren da sunka fi ko'ina arzikin ƙasusuwansu a Afirka. A hamadar Tenere, yankin Agadas, akwai wani wuri Gadufawa inda iska ke yaye rairayi ƙasusuwa su fito fili. Wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi aiki can tun shekarun 1960, shi ya bayyana Ouranosaurus a 1976, mai cin ganye da wani tudu a gadon baya, in kun je Yamai ki kai yaron gidan tarihi na Bubu Hama ya gani da idonsa. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya zo da tawagarsa sunka tono wasu, ciki har da Nigersaurus da anka sa ma suna a 1999, tsawonsa kamar mita 9, bakinsa shimfiɗaɗɗe mai faɗi da haƙora sama da 500 jere bayan jere, yana kiwo kansa a ƙasa, kuma haƙoran na zubewa wasu na maye su kusan duk mako biyu. A wurin ne kuma anka samu Sarcosuchus, wani dangin kada da ya kai mita 9 ko fi, ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Waɗanga duk sun rayu wajen shekara miliyan 110 baya lokacin da wurin koguna ne da dazuzzuka. Ki tambayi yaron ko ya san su, ina jin zai lissafo miki na Amurka goma kafin ya ambaci ɗaya na Agadas, ba laifinsa ba ne, abin da anka zana masa ke nan.

Fim kuma yana ƙara gishiri. Fim ɗin Jurassic Park na 1993 shi ya sa duniya ta san Velociraptor a matsayin wani dodo mai tsayin mutum da fatar ƙadangare, alhali na gasken bai wuce girman talo-talo ba kuma gashin tsuntsu gare shi. Sannan duk katun da kika ga mutum na gudu dainoso na bin shi, ƙarya ce, tsakaninsu akwai sama da shekara miliyan 60.

Dawowa kam babu. Sai da ƙwayoyin gado, DNA, ake iya ko tunanin haka, su kuma lalacewa suke da daɗewa, mafi tsufan da anka taɓa samu na shekara kusan miliyan 2 ne daga ƙanƙarar Girinlan, shi ma guntu-guntu, ina ga miliyan 66. Labarin da yaron ya ji na watan Afrilun 2025 ne, wani kamfanin Amurka mai suna Colossal ya ce ya dawo da wani ƙaton kyarkeci da ya ƙare sama da shekara 10,000 baya. Da masana sunka duba sai ga shi kyarkecin yau ne anka taɓa masa wurare 20 cikin ƙwayoyin gadonsa don ya yi girma da farin gashi. Aiki ne na gwaninta ba musu, amma kanun labarin ya fi aikin girma. In yana son ganin abin da ya rage na zuriyar dainoso ki nuna masa zakaran gidanku, don masana sun tabbatar tsuntsaye daga wani reshe nasu sunka fito, ya dubi ƙafar da kyau, saɓar da faratan.

Tambaya: Malam ina aji shida na sakandare, a darasin bayoloji an koya mana wai mutum daga biri ya fito, ni kuma na san Annabi Adamu ne uban mutane. In ya fito a WAEC ya zan yi? Kuma in gaskiya ne don me birai ba su daina zama birai ba? Daga ɗalibi, Gidan Igwai.

Amsa: Ɗana, da farko dai ko masu wanga ilimi ba su ce mutum daga birin da kake gani ya fito ba, wanga zanen da ake yawo da shi na biri yana miƙewa sannu sannu har ya zama mutum shi ya rikita mutane, kuma su kansu masanan sun daɗe suna kuka da shi. Abin da suke cewa shi ne mutum da birin cimfanzi sun haɗa asali can baya, shekara miliyan 6 zuwa 7, kowa ya kama reshensa. Ɗan baffanka ba shi ya haife ka ba, kaka kuka haɗa, kuma haihuwarka ba ta sa ya daina wanzuwa ba, to amsar tambayarka ta biyu ke nan a bisa ƙa'idarsu. Hujjojin da suke kafawa da su sun haɗa da kamannin ƙwayoyin gado, da ƙasusuwa irin ƙoƙon kan da anka samu a hamadar Jurab ta Chadi a 2001 wanda ake kira Tumai, da ƙwarangwal ɗin Lusi da anka tono a Habasha a 1974 mai shekara miliyan 3.2.

Shi ainihin abin da Darwin, masanin Ingila da wanga ilimi ya yi suna da shi, ya kawo a littafinsa na 1859 mai sauƙi ne. 'Ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya sak, wasu bambance-bambancen ana gadonsu, kuma ba duk abin da anka haifa ke rayuwa har ya haihu ba, to wanda bambancinsa ya dace da wurin da yake shi zai fi barin zuriya, in anka daɗe sai kamannin taron duka ya sauya. Wanga ɓangare kana ganinsa da idonka. Tambayi mahaifiyarka zamanin kulorokwin, ƙwaya kaɗan zazzaɓi ya sauka sai dai ƙaiƙayi, amma cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan tsiraru da maganin bai kashewa, su sunka rage sunka hayayyafa har maganin ya daina aiki, dole wajen 2005 Najeriya ta koma wasu magungunan. Haka sauro ke yi da maganin feshi. Sikila ma haka ne, mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin sauro mai tsanani yana ƙarami, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashen sauro har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da ita, ga kuma wahalar da ke biyo baya in AS ya auri AS. Makiyaya kuwa sun daɗe suna yin nasu zaɓen da hannu, jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai da bokolon sa mai tozo ba haka kawai sunka faɗo ba, zaɓen na bari da na yankawa ne shekara da shekaru.

Inda gardama take shi ne asalin mutum, kuma nan ba zan yi maka fatawa ba don ban kai ba. Malaman Musulunci sun yi rubutu a kai, akwai waɗanda sunka ƙi zancen gaba ɗaya, akwai waɗanda sunka ce na dabbobi da tsirrai ba ya karo da nassi amma halittar Annabi Adamu alaihissalam keɓantacciya ce, ka samu malamin da ya san ɓangarorin biyu ka zauna da shi, ba mai gajeren bidiyo ba. Jarrabawa kuma ba imaninka take tambaya ba, tana tambayar me Darwin ya ce me Lamak, Bafaranshen da ya riga shi zancen, ya ce, ka rubuta abin da sunka ce daidai ka karɓi makinka. Ni abin da ba na so shi ne yaro ya tashi yana ƙaryata magana alhali ko yadda masu ita sunka faɗe ta bai sani ba, ranar da ya haɗu da wanda ya sani sai a kunyata shi a banza.

Tambaya: Malam ni mahauci na, gadon gidanmu na. Muna yara in anka yi yanka angulu har hana mu aiki sukai, sai an sa yaro da sanda. Yanzu ɗiyana ba su san ta ba sai a waya. Ina sunka tahi? Daga mahauci, Kara.

Amsa: Sarkin fawa ba tafiya sunka yi ba, ƙarewa suke, kuma ba Sakkwato kaɗai ba. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa irin angulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Babban abin da ke cin ta a Afirka ta Yamma shi ne farautarta don tsibbu, kai da ƙafa da ƙwai duk ana saye, kai ma ka san layin da ake baje su a kasuwa, har daga ƙasashen maƙwabta ake shigo da su yanzu don namu sun yi ƙaranci. Sai guba, a sa wa mushe don kura ko karnuka, angulu talatin su sauka su mutu tare. Sai sare manyan itatuwan da take sheƙa. Ita kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, to ka ga ɗiba ya fi zubi.

Mun raina ta don muni da cin mushe, amma cikinta na da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, takan share mushe kafin ya ruɓe ya yi ɓarna. Indiya ta ga misali, a shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, dikulofenak, ya kashe sama da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'in angulunsu don in sun ci mushen saniyar ƙodarsu ke lalacewa, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sakai sunka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 anka hana ba dabbobi maganin. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kuma ba angulu kaɗai ba, dattawanmu sun san jimina da gwanki da barewa a dazuzzukan ƙasar nan, zaki kuwa duk Najeriya bai kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Amma abin na gyaruwa in an so. Raƙuman dawa na Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, saura 49 sunka rage a 1996, su ke nan a duk Afirka ta Yamma, gwamnatin Nijar ta hana kashe su anka kuma jawo manoman wurin cikin lamarin suna samun na masu yawon buɗe ido, yau sun haura 600 suna kiwo a gefen gonakin gero da wake.

Tambaya: Da gaske akwai 'yar ruwa rabi mace rabi kifi? Na ga shiri na Turawa da likitoci suna bayani. Daga amarya, Gawon Nama.

Amsa: Amarya shirin da kika gani in na tashar talabijin ta Animal Planet ne na wajen 2012, 'yan wasa ne anka sa wa rigar masana, a ƙarshe sun rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ƙirƙira ce, har sai da hukumar kula da tekuna ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa ba a taɓa samun shaidar irin wagga halitta ba. Abin da ke akwai shi ne ayu, yana cikin kogin Kwara da Binuwai, ba kifi ba ne, ciyawar ruwa yake ci, macen na shayar da ɗanta da nonon da ke kusa da hammata, kuma a dabbobin tudu giwa ce danginsa na kusa. Ciki na kusan shekara guda take yi ta haifi ɗa ɗaya, doka ta hana kashe shi, amma ana yi saboda nama da kuma man nan da mu Sakkwatawa ba sai an yi mana bayanin inda yake zuwa ba. Da za a tara duk kwalaben da ake sayarwa da sunan man ayu, da ayun duniya bai isa ba, ki yi wa kuɗinki tunani.

Tambaya: Malam ƙanena ya samu wasu ƙasussa masu nauyi kamar dutse cikin wani kware wajen Gada, jere kamar gadon baya. Nawa Turawa ka saye? Daga wani bawan Allah, Gada.

Amsa: Na san za a zo nan. Ɗan'uwa yankinku shi ne yankin Dukamaje da Gilbadi, don haka zai iya yiwuwa abu ne na gaske, amma ka cire ran miliyoyi, gwanjon da kake ji a labarai na cikakken ƙwarangwal ne da ƙwararru sunka shekara suna gyarawa, ɗan tsakiyar da zai zo maka kuɗin cefane zai ba ka ya tafi da shi, kuma fitar da irin waɗanga kaya daga ƙasa ba da izini ba na iya jawo maka hukuma. Ku daina ciro su, don in an raba ƙashi da shimfiɗar da yake kwance an zubar da rabin bayaninsa, da wurin ake gane shekarunsa da abin da ya rayu tare da shi. Ya ɗauki hoto yadda suke a ƙasa, ya aje biro ko takalmi a gefe don a gane girman, ya kunna lokeshan na waya ya adana wurin, a shaida wa mai gari, sannan a kai hotunan sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Waɗanda ya riga ya ciro kar a wanke su da ruwa kar a kankare, a naɗe kowane daban cikin tsumma ko jarida a rubuta inda anka ɗauko shi. Kuma ku hanzarta kafin damina, ruwan kware ɗaya ya isa ya tafi da sauran.